Yaƙin Ingila a Filin Ƙwallon Boɗinga

Tun da aka maido da darasin tarihi makarantu, samarin malamai ke zuwa ƙofar gidana a Shagari da la'asar, su zauna kan tabarma su ce sun zo neman shawara. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu, jikan wani aminina, ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba Malam, ai yanzu tarihi ya yi sauƙi. Duk yana nan ciki. Ka karanta da safe, ka faɗa musu da hantsi." Na ce masa haka ne, buhun gero ma tuwon yana ciki, sai a ajiye wa baƙo buhun ya ci. Na shekara fiye da talatin da alli a hannu, kuma akwai shekarar da darasina guda ya sa wani uba ya cire ɗansa daga makaranta ana gab da jarrabawar fita. Yadda muka ƙare da wannan yaro nake so in rubuta muku. Amma sai na fara da yadda na koyi aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni zauren ubansa ba.

A zamaninmu ba a miƙa wa sabon malami aji ya shiga shi kaɗai. Da na gama kwalejin horon malamai aka turo ni Boɗinga, aka haɗa ni da Malam Sambo, dogon mutum mai ƙaramar murya, wanda in yana magana aji ke yin tsit don kada kalma ta wuce. A lokacin manhaja na ɗauke da tarihin mutanen Ingila tun daga farkonsu, ragowar abin da Turawa suka bari, muna koyar da shi tare da namu. Zangon farko ban buɗe baki gaban yara ba. Aikina in riga kowa zuwa, in shafe allo da garin gawayi da ƙaro, in bari ya bushe, sannan in zana taswirar tsibirin Ingila da ka, ba duba littafi. Malam Sambo ya ce in riƙa tuna tsohuwa a zaune, ta juya fuska yamma, ta miƙe ƙafa, ƙwaryarta na gabanta. Ƙwaryar ita ce ɗaya tsibirin, na Ayilan. In tsohuwar ta fito da ƙusumbi ba ya faɗa. Jiƙaƙƙen tsumma zai ɗauka ya goge, ya miƙo mini alli.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Farin alli ana ba mu, ja da shuɗi kuwa a aljihu muke ɓoye su kamar goro. Babban kayan aiki igiya ce irin ta rijiya, wadda Malam Sambo ya yi wa ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli zuwan wasu mutane ne tsibirin. Mukan ɗaura bakinta a ƙusa kusa da allo, ta bi bango, ta fita ta taga, a ɗaure ɗaya bakin a bishiyar da ke tsakar makaranta. Duk ƙulle-ƙullen a cikin aji suke, a cunkushe kusa da allo. Abin da ya fita waje sumul yake, shi ne zamanin da ba a rubutu. Yaro ya leƙa taga ya ga tsawon igiyar, ya waiwayo ya ga ɗan abin da ke cikin littafinsa, ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Shekarun da aka cire tarihi daga jadawali, masinjan makaranta ya ɗauki igiyar nan ya kai rijiya. Ya ce ƙullin na taimaka masa wajen ja.

Darasin farko da aka sakar mini shi ne yadda mutane suka fara shiga ƙasar. Da ƙafa suka shiga, suna bin namun daji, domin a lokacin teku bai raba ta da sauran ƙasar Turai ba. Daga baya ruwa ya taso ya cinye hanyar. Na faɗa, na maimaita, na ƙarar da shuɗin allina, yara na kallona kawai. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Malam Sambo na bayan aji yana kallo. Washegari ya ce kowa ya tashi, muka taka zuwa fadama. Damina ta yi nisa. Ya nuna wani tudu da ruwa ya kewaye, awaki sun maƙale a kai suna kuka. Ya ce, "Da rani, da mi kuke hawa can?" Suka ce da ƙafa. Ya ce, "Yanzu fa?" Wani yaro daga wajen Danchadi ya ce, "Malam, ashe gonarmu kowace shekara sai ta zama Ingila." Aka yi dariya, aka dawo aji, kuma a jarrabawa babu wanda ya faɗi wannan tambaya.

Daga nan sai bin ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Manoman da suka ƙetaro da hatsi da shanu, suka kakkafa manyan duwatsu a tsaye, waɗanda har yau ba a gama sanin dalilinsu ba. Keltawa masu ƙarfe, masu kewaye tuddai da ganuwa. Rumawa da suka zo da soja da hanyoyi miƙaƙƙu, suka daɗe, sannan suka tattara suka tafi da gida ya rikice musu. Saksonawa da danginsu, waɗanda daga harshensu Ingilishi ya tsiro. Denawa masu jiragen ruwa, da suka fara da hari suka ƙare da noma. Ƙullin ƙarshe Normandawa ne, daga ƙasar Faransa. Kowace shekara akwai ranar da nake jira, ranar da wani zai ɗaga hannu a hankali ya ce, "Malam, wai Baturen da ya ci Sakkwato, shi ma an taɓa cin ƙasarsa?" In ce ba sau ɗaya ba. Wasu yaran, kakanninsu sun ga shigowar Nasara da idonsu, sun ba su labari. Shirun da ke biyo bayan wannan amsa ban taɓa samun irinsa a wani darasi ba.

Bayan wasu shekaru aka tura ni Ingila ƙaro ilimi, na je na taka abin da nake zanawa. Na hau wani tudu da tumaki ke kiwo a kai, na ga ganuwar Keltawa ta kwanta ƙarƙashin ciyawa kamar kufan tsofaffin biranenmu na ƙasar Kabi. Na tsaya jikin katangar da Rumawa suka gina a arewa, ruwa na dukana, aka ce mini cikin sojojin da suka yi gadi a wurin har da mutanen arewacin Afirka. Na tausaya musu ƙwarai. Na lura sunayen garuruwansu na faɗin wanda ya kafa su, kamar yadda a nan in ka ji Rugga ka san Fulani ne, in ka ji Tunga ka san wasu ne suka fito noma suka zauna. Daga baya na yi aikin koyarwa a Nijar, inda na tarar littattafan Faransanci na ba da labarin cin Ingila kamar labarin bikin gidansu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijuwar da na sauka gidanta a can Ingila, mai yawan dafa shayi. Na tambaye ta ko ita jikar Saksonawa ce ko ta Denawa. Ta yi dariya har ta zauna, ta ce ita kakan kakanta ma ba ta san sunansa ba. A nan kuwa kowace tsohuwa za ta lissafa maka kakannin maƙwabcinta, ta gaya maka wanda ya zo a kan doki da wanda aka zo da shi a ɗaure. A can maganar asali ta huce. A wurinmu ba ta huce ba, kuma a cikinta malamin tarihi ke aiki, ko da tarihin wasu yake koyarwa.

Malam Sambo bai taɓa fita ƙasar waje ba, amma ya san wannan, shi ya sa ya kafa doka a kan wasan yaƙi. Kowace shekara bayan kaka, lokacin da kara ya wadata, 'yan ajin ƙarshe kan fita filin ƙwallo su kwaikwayi yaƙin da Normandawa suka ci Ingila da shi. Dokar ita ce malami ba ya zaɓa wa kowa matsayi. Ana yanka guntayen kara, a yi musu alama, a zuba a hula, kowa ya sa hannu ya ɗauka. Yakan ce ranar da ka naɗa yaro sarki da hannunka, ka shiga rigimar gidajen da ba ka san farkonta ba.

Shekarar da nake ba ku labari, Malam Sambo ya riga ya yi ritaya ya koma gonar albasarsa a Mandera, wasan ya dawo hannuna. Aka ja ƙuri'a. Sarautar Normandawa ta faɗa wa Labbo, ɗan Sarkin Fawa, ƙaton yaro ɗan dambe kamar yawancin 'ya'yan Rundawa, wato mahauta. Attahiru kuwa, ɗan Magajin wani gari da ke gefen Danchadi, ya ɗauko karan hakimi, ɗaya daga cikin hakiman Saksonawa da suka tsira da rai. Attahiru shi ne kan ajin. Shiru-shiru ne, amma in ya rubuta amsa sai ka so ka kai ofis ka karanta wa sauran malamai.

A gefen filin akwai ɗan tudu. Nan Saksonawa suka jeru kafaɗa da kafaɗa, garkuwarsu fayafayai da murafun tukwane. Normandawa na ƙasa a kan dawakin kara. Yadda aka yi a asali haka muke yi. Mahaya su hau tudu a koro su, su sake hawa a sake koro su, sannan su juya kamar sun karaya su ruga. Saksonawa su fasa sahu su sauko bin su, mahaya su juyo su gama da su a fili. Sarkin Saksonawa ya mutu a kan tudun, an ce kibiya ce ta same shi a ido. Bayan nan sai caffa. Hakiman da suka rage su zo gaban sabon sarki, su cire hula, su durƙusa, su sa hannuwansu cikin nasa. Haka al'adarsu take, kuma ana tambayarta a jarrabawa. Attahiru ya cire hularsa ya durƙusa gaban Labbo, wanda ke zaune kan kifaffen turmi da kambin kwali a ka. Su biyun dariya suke ƙunshewa.

Ranar kasuwa ce. Hanya ta bi ta gefen filin, kuma masu komawa ƙauye sun tsaya da jakunansu suna kallo. Ba su san Ingila ba, amma sun san Attahiru, sun san Labbo. Washegari da hantsi wani mutum ya zo da keke daga gidan Magaji, ya ɗaure akwatin Attahiru a baya, yaron ya bi shi a ƙasa. Saƙon Magaji gajere ne, ya ce bokon ya isa haka. Jarrabawar fita na tafe, kuma a wancan zamani wanda ta wuce shi ta wuce shi ke nan, gona ce ta rage masa.

Shugaban makaranta ya ce abin mai sauƙi ne, a sake wasan a ɗora wa Attahiru kambin, Labbo ya durƙusa. Na ce masa zan duba. Da yamma na bi ta rumfar mahauta, Sarkin Fawa ya hango ni ya ɗaga wuƙa.

"Malam! Taho nan. An ce ɗana ya ci Ingila?"

Na ce haka ƙuri'a ta ba shi.

"To madalla. Mu tun kakanni shanu muka kayarwa, ba mu taɓa kada gari ba sai bana." Yaransa suka kwashe da dariya. Sai ya rage murya ya matso. "Amma na ji ana son a tuɓe shi don ran wasu shi yi sanyi. In za a tuɓe shi, a zo a gaya mini laihinai."

Nan na san shawarar shugaban makaranta ba ta da hanya. Na hau keke na tafi Mandera. Na tarar da Malam Sambo ya naɗe wando yana ban ruwa, ya saurare ni bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Ka tahi da goro, ka bar littafi gida. In ka shiga kar ka kare kanka. Magaji jikan mayaƙa na, kuma labarin hula kaɗai anka kai mai, ba wanda ya ba shi labarin yaƙin. Bari shi tambaya da kainai."

Na isa garin Magaji bayan azahar. Na tuɓe takalma tun daga waje, na durƙusa na yi gaisuwa, na ajiye ƙunshin goro. Magaji na kan buzu, dattijo mai farin gemu, carbi a hannu, mutanensa sun jeru jikin bango. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu.

"Malam," in ji shi, "kai kas sa ɗana ya tuɓe hula gaban ɗan mahauta?"

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, a darasina anka yi."

"Karatu na aike shi shi koyo. Durƙuso muna da masu koya mai a gida, kuma mun san wanda aka yi ma shi."

Mutanen bango suka ce, "Gaskiya na, ranka shi daɗe."

Ban kare kaina ba, kamar yadda Malam Sambo ya ce. Magaji ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Su wa ma anka ce ɗan nawa ya zama?"

"Saksonawa, ranka shi daɗe. Su ne masu ƙasar a lokacin."

"Kuma anka ci su."

"Anka ci su."

"Ragwaye na?"

"A'a. Sun wuni kan tudu an kasa ture su. Kuma a gajiye sunka zo, don ba a daɗe ba sunka gama wani yaƙin a arewa, sunka taho da ƙafa."

Ya ajiye carbin. "To mi ya kada su?"

Na nemi izini na kwance goron da na kawo. Na jera farare a bakin buzunsa, su ne Saksonawa a kan tudu, na zuba jajaye a ƙasa. Na tura jajaye suka hau, na maido su. Na sake. Mutanen bango suka fara matsowa da gwiwa. Da na juya jajayen suka ruga, na fara gangaro da farare a bayansu, sai Magaji ya bugi cinyarsa.

"Sunka sauko? Wanga ai tsohuwar dabara ta! Kakana ya ce in mahayi ya ba ka baya, ka duba linzami. In ya saki, gudu na. In ya tamke, dawowa za shi yi."

Ya tambaye ni su wane ne waɗannan jajayen. Na ce jikokin masu jiragen ruwa ne daga arewa, suka zauna ƙasar Faransa suka ɗauki harshenta. Da suka ci Ingila suka raba sarautu a tsakaninsu, suka yi mulki, suka yi auratayya da mutanen ƙasa, har jikokinsu suka wayi gari suna magana da harshen waɗanda kakanninsu suka ci da yaƙi. Magaji Bafillace ne, amma in ban da gaisuwa ba ya jin Fillanci, kuma kowa a zauren ya sani. Ni a nonon uwata na sha Fillanci, amma ranar ban bari ko kalma ta fito ba. Ya dube ni, na dubi goro. Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah mai iko," bai ƙara ba.

Daga baya ya ce, "To Malam, ga yadda za a yi. A sake yaƙin in zo in gani. Amma wanga karo su tsaya kan tudu, su ci."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan ba ya hannuna. An ci su. In na sa sunka ci, na koya wa ɗanka ƙarya, kuma ita za shi rubuta a jarrabawa."

Wani daga jikin bango ya ce, "Kai Malam, ka san gaban wa kake?" Magaji ya ɗaga masa hannu.

"Sarkinsu fa? Shi ma ya durƙusa?"

"Shi bai ga caffa ba. Kan tudun ya mutu, shi da ƙannensa."

"Bai gudu ba?"

"Bai gudu ba."

"To ɗana shi zama shi. Shi mutu. Mutuwa ba abin kunya ba ta."

Na ce ƙuri'a ta riga ta ba wani yaro wannan sarauta kuma ba zan ƙwace ba, amma in su biyun suka yi musayar kara da hannunsu, dokar wasa ba ta hana ba. Magaji ya ce a tambayi yaron. Ya kuma ce akwati ba zai koma ba sai ya ga yaƙin da idonsa. Yaron da aka tambaya bai ko yi tunani ba ya miƙa karan. Ya ce shi ma ya gaji da kwanciya cikin rana a matsayin gawa, tururuwa na cizonsa, ana can ana wasa ba shi.

Ranar da aka sa, muka kai wa Magaji kujera ƙarƙashin bishiya a bakin fili. Ya iso da mutanensa, Attahiru na biye, ba akwati. Sarkin Fawa ma ya zo cikin babbar riga, ba wanda ya gayyace shi. Ya je ya rusuna ya gaida Magaji kamar yadda ya kamata, Magaji ya amsa, sannan ya koma ɗan nesa ya shimfiɗa tabarmarsa. Attahiru ya hau tudu ya tsaya tsakiyar sahu da faifai a hannu. Na busa usur.

Labbo ya kawo hari aka koro shi. Ya sake kawowa aka sake koro shi, kara na kakkaryewa a kan murafun tukwane. Magaji na gyaɗa kai. Sarkin Fawa ya yi kira daga tabarma, "Labbo, a hankali da ɗiyan mutane, ba dambe na ba!" Sannan Labbo ya juya dokinsa, mutanensa suka bi shi da ihu kamar an karya su.

Magaji ya miƙe tsaye. "Kar ku sauko! Kai Attahiru, riƙe mutanenka! Dabara ta!"

Saksonawa suka daskare a kan tudu. Rabinsu 'ya'yan talakawan Magaji ne, ba su taɓa jin muryarsa suka yi wani abu daban ba. Normandawa suka ruga har ƙarshen fili, suka rasa mai bin su, suka tsaya suna waiwayena. Usur na bakina, amma ba ni da ikon in gyara wa Magaji magana gaban jama'a. In suka tsaya, darasin ya zama ƙarya a gaban dukan ajin. In na sa baki, akwatin ba zai dawo ba. Na tsaya kawai.

Attahiru ya sauke faifansa. Bai ɗaga murya sosai ba, amma filin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Baba, sun sauko. Ni ma ban so ba, amma sun sauko."

Ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku tahi." Suka gangaro da gudu, Labbo ya juyo, aka yi abin da aka yi. Wani ya harba kibiyar kara sama, Attahiru ya dafe ido ya faɗi a kan tudun, hularsa na kansa. Da aka zo caffa, hakiman da ƙuri'a ta ba suka cire hula suka durƙusa gaban Labbo ɗaya bayan ɗaya. Magaji ya sami aikin yi a lokacin, ya juya gefe yana gyara rawaninsa har aka gama.

Ya fara kiran Sarkin Fawa. Ya ce, "Sarkin Fawa, ɗanka ya iya gudu."

Sarkin Fawa ya ce, "Allah shi ba ka nasara, ya iya dawowa kuma."

Mutanen Magaji suka rasa ko su yi dariya, sai da suka ga gemun Magaji na rawa suka yi. Sannan ya yafito ni. Na zo na durƙusa.

"Malam, wa ya koya mai shi maido mini magana gaban jama'a?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba magana ya maido ba. Abin da anka yi ya faɗa."

Ya dubi tudun. Attahiru na can kwance bai motsa ba, don ba a ce gawa ta tashi ba. Ya ce, "Kuma daidai ya faɗa?"

"Daidai."

Sannan ya ce wa mutumin keken nan, wanda ke tsaye bayansa, "Gobe ka kawo akwatin." Ya ƙara da cewa, "A ce mai shi tashi, rana ta yi zahi."

Attahiru ya zauna jarrabawa tare da 'yan ajinsa, ya kuma ci. Magaji bai sake zuwa kallon wasan ba, amma daga wannan shekara duk inda muka haɗu, a wurin suna ko jana'iza ko bakin kasuwa, in na gama gaisuwa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, har yanzu sun sauko?" In ce, "Har yanzu, ranka shi daɗe." Ganina da shi na ƙarshe yana kwance ba lafiya, murya ta yi ƙasa sai na sunkuya kafin in ji. Ya yi tambayar, na ba shi amsar. Ya girgiza kai a kan matashi ya ce, "Da sun ƙara haƙuri kaɗan."